Duwatsuna Biyu da Ƙwayar Isiyaku

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ina nan a kan bakana: daga Funtuwa zuwa Malumfashi ba a yi malamin kimiyya kamata ba. Matsalar ɗaya ce, ni kaɗai na san haka.

Bayan samun 'yancin kai ina koyarwa a Bakori, kuma majalisar gindin tsamiyar kasuwa tawa ce. Ni ke bayyana yadda sikelin auduga ke aiki, da dalilin da ya sa mutum ɗaya ke ɗaga motar lodi da jak. Ilimina tsohuwar fiziks ce mai mutunci: ka jefa abu, in lissafa maka inda zai sauka.

Sai Isiyaku ya dawo hutu daga jami'a a Zariya da wani abu wai shi kwantam. Ya ce akwai ƙwayar da ta fi ƙura ƙanƙanta, ba ta da tsayayyen wuri sai an duba ta, in ka san inda take kuma saurinta ya ɓace maka. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Da na ɗago, babu mai kallona. Manoma Maguzawa da suka kawo dawa sun kewaye shi, dattijonsu Nomau yana gyaɗa kai, wai ashe boko ma ya fara sanin halin iskoki. Isiyaku ya rantse ba iskoki ba ne, suka ƙara matsowa. Har tsire aka saya masa. Ni shekara biyar ko goro ban gani ba.

Ranar kasuwar da ta zagayo na hau kan motar auduga da duwatsu biyu, babba da ƙarami, don in ƙwato majalisata. Na ce tare za su sauka. Na saki, suka sauka tare. Isiyaku kaɗai ya tafa, kuma wannan tafin ya fi komai yi mini ciwo, don da zuciya ɗaya ya yi shi.

Yau kowane manomi da rediyonsa a kafaɗa, ɗalibaina kuma suna ce mini cikinta aikin kwantam ne. Da yana raye ba zai yi mini gori ba, murmushi zai yi, in kwana uku ban ci tuwo ba. Ni na bar wa mutane amsa, shi ya bar musu mamaki, kuma na lura mamakin ya fi daɗewa. Ina kewarsa, ina kishinsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Bara na haɗu da Nomau, ya tsufa tukuf, amma ya karanto mini zancen ƙwayar nan tiryan-tiryan. Na tambaye shi ko ya tuna gwajina na kan mota. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Malam, ai dutse tun kafin a haife ka yake faɗowa."