Inna Hure, Mai Ɗinki Ba Almakashi

Malam Barau ya ce shi kaɗai ya kori 'yan fashin teku a bakin ruwan Ikko, wato Legas, da takobin nan da yake ratayawa. Ya ce ranar har ruwan ya yi ja. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a teburin mai shayi, ya faɗa wa surukansa. Waɗanda suka je Ikkon tare da shi sun ce shanu suka raka, kuma a mota suka kwana. To, shi ya sani.

Ba shi za a yi wa jinjina yau ba, amma dole a fara da shi, don shi ya kafa 'Yan Jirgi a nan Gaya, bayan samun mulkin kai da kaɗan. Ga wanda bai sani ba, 'Yan Jirgi magidanta ne da hankalinsu, akwai mahauci, akwai mai gyaran keke, akwai malaman firamare. Duk shekara in an gama cire gyaɗa sai su yi shigar 'yan fashin teku na zamanin da, su nuna wa jama'a yadda ake tare jirgin fatake. Gaya ba ta da teku. Saboda haka jirgin amalanke ne, tekun kuma zannuwan rini ne da ake kama bakinsu ana kaɗawa. Malam Barau shi ne Kyaftin. Ba a taɓa zaɓe ba.

Duk tufafin da suke taƙama da su, hannu ɗaya ne ya ɗinka: Inna Hure ta bayan marina.

In ta idar da asuba takan share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma inda haske ke fara sauka, ta jawo gwangwanin allurai. Tun rasuwar maigidanta da wannan take ci: facin riga, matashin kai, gyaran wuyan taguwa. Amma da kaka ta kama sai ta yafa mayafi ta shiga gida-gida aron zane, don 'Yan Jirgi ba su taɓa sayen ko ƙyalle ba. Kuma mace ba ta ba da zanen ƙasan adaka sai ta tabbata zai dawo yadda ya fita.

Nan aikin yake. Inna Hure ba ta yanka. Za ta ninke zane, ta lanƙwasa, ta kama da zare sama-sama, sai ga doguwar rigar Kyaftin har da wuya a tsaye. In an tashi wasa ta warware, ta wanke, ta kai gidan bugu, ta mayar wa mai shi. Rekiya matar mahauci ta ce zanenta na saki ya sha zama rigar ɗan fashi, kuma da shi ta je sunan jikanta ba wanda ya gane.

Ke ce wadda matan gari suka buɗe wa adaka ba shaida, Inna. Ke ce ake tafa wa riga a jikin wani, kina can bayan amalanke da allura a baki.

Akwai shekarar da ba ta son a tuna mata, cikin shekarun yaƙi, lokacin da yadi ya yi wuya. An gayyaci 'Yan Jirgi su yi wasa a Ajingi ranar kasuwa. Da ma ƙyallen iska na jirgin, wannan babba da ake ɗaurawa a sanda, buhunan gyaɗa ne aka harhaɗa. Kyaftin ya ce faufau.

"Yaya Hure, a Ajingi fa! Ki sa ni a ƙarƙashin buhu, 'yan kasuwa su zo suna tambaya nawa mudu?"

"To me kake so, Kyaftin?"

"Fari. Fari tas, irin na Ikko."

Ta zaga gari ba ta samu farin da ya kai ba. Sai maƙwabciyarta Iya Larai, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ta aika ta zo. Tsohuwar ta rufe ƙofa, ta jawo ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta kwance. Farin alawayyo ne, sabo fil, ba a taɓa sa masa almakashi ba. Hure ta gane tun kafin a faɗa mata, ta ja da baya.

"Iya, wannan ai likkafaninki ne."

"Na sani, ni na saya. Yana kwance ba ya aikin komai, ni kuma ban shirya ba."

"Ki rufa mini asiri, Iya."

"Ke 'yar nan, na tsufa ban taɓa ganin jirgin ruwa ba. Ko na amalanke ne a nuna mini shi da kayansa. Abu biyu kawai. Ya dawo yadda ya fita. Kuma kada Abdulsalam ya ji."

Abdulsalam ɗanta ne, ladanin unguwa, mutumin da ko dariya sai ya duba wa ke kallo. In ya ji an kaɗa likkafanin uwarsa a kasuwa, ba Hure kaɗai za ta shiga uku ba, wasan ma ya ƙare, kuma ba macen da za ta sake buɗe mata adaka.

Ta ɗauka. Ta yi alwala kafin ta taɓa shi da allura. Ta ninke shi, ta kama gefe da gefe da siririn zare, ta kafa doka cewa ruwan zoɓorodon da suke zubawa a matsayin jini ba zai matso kusa da sanda ba. Ranar gwaji Iya Larai ta zo da sandarta ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon iska na cika shi.

"Ashe haka yake da kyau," in ji ta. "Ni da zan shiga ciki ba zan gani ba."

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ƙaramin zazzaɓi ba, irin wanda ake aika wa dangi na Gafasa su zo. A wannan makon ne kuma Kyaftin ya tara jama'arsa ya ce ya yi tunani. A ƙarshen wasa zai zare takobi ya tsarge ƙyallen iska daga sama har ƙasa, haka ake yi a teku, shi ya gani da idonsa.

Hure ta matso gabansa.

"Kyaftin, kayan aro ne."

"Na wa?"

Ta ƙi faɗin suna. Gaya wa Malam Barau magana daidai yake da ba mai shela.

"Kin gani? Ba shi da mai shi. In ma akwai, a ce Kyaftin ne ya yanka, ai abin alfahari ne."

Ta roƙe shi, ta haɗa shi da girman iyayensa. Ya ce to, to, ya ji. Amma ta san wannan "to" ɗin. Ita ce yake yi wa matarsa in ta ce ya rage labarin Ikko.

Ta tafi wajen Iya Larai da niyyar ta ce za ta kwance ƙyallen ta dawo da shi. Ta tarar da ɗaki cike da mata, Abdulsalam a bakin ƙofa yana jan carbi. Da ta durƙusa gaishe shi sai ya ce, a hankali, "Inna Hure, ko kin san inda Iya ke ajiye kayanta na tafiya? Ba don komai ba, don dai a sani."

"Za a gani, Malam," ta ce.

Ta matsa kusa da gadon ta raɗa wa tsohuwa. Iya Larai ta buɗe ido ɗaya.

"In kika kwance shi yau, gobe gari ya tambaya dalili. Bar shi ya je Ajingi. Zan jira."

"Iya, ai ba a hannunki yake ba."

"Ba a hannunki yake ba ke ma. Je ki."

Abin da ke hannun Hure allura ce. Da safen tafiya, tana sa wa maza kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Kyaftin takobinsa ya yi tsirara da yawa, Ajingi sai da ado. Ya miƙo da murna. Ta koma bayan amalanke ta zare shi kaɗan ta gwada a gashin hannunta. Ya aske. Ashe har washi ya kai shi aka yi masa. Ta mayar, ta ɗauko basilla da tsirkiya, ta huda bakin kube, ta zagaye ƙota, ta ɗaure, ta sake ɗaurewa. Sannan ta rufe wurin da jan tuntu mai kauri, wanda ya fi kowane kyau a cikin kayanta. Kyaftin ya karɓa ya ce ko a Ikko bai ga irinsa ba.

Waɗanda suka je Ajingi sun ce ba su taɓa ganin taro irin na ranar ba. Inna Hure kuwa ba ta ga wasan ba. Idonta ɗaya na kan ƙyalle, ɗayan na kan hanyar Gaya, duk mai keken da ya ɓullo sai ta ce shi ke nan, ɗan aike ne. In an ce Iya ta cika, me za ta ce wa ladan? Ta ce a jira a gama fashin teku? In kuma tsirkiyar ta tsinke?

Aka kai ƙarshe. An kama jirgin fatake, mahauci ya mutu sau biyu don ta farko ba a tafa ba. Kyaftin ya hau amalanke, ya tsaya a gindin sanda, ya ɗaga kai ya dubi farin ƙyalle, ya yi kururuwa, ya kai hannu.

Ya ja. Ya sake ja. Ya sa kuben a tsakanin gwiwoyi ya ja da hannu biyu, har rawaninsa ya kwance. Wata mai fura ta ce, "A kawo masa man gyaɗa!" Kasuwa ta fashe da dariya. Hure tana riƙe da ƙafar amalanke, bakinta na motsi, ba ta ma san me take karantawa ba.

A nan dole a yaba wa Malam Barau, bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ya saki ƙota, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun gani da idonku! Takobin nan ba ya fita don wasa. Sai ya ji ƙanshin abokin gaba na gaske!"

Aka tafa. Kafin a gama tafin Hure ta sauke ƙyallen, ta naɗe, ta goya shi a baya kamar jariri, ta shiga motar gyaɗa ta farko mai zuwa Gaya. A cikin motar ta warware ɗinkin da haƙori. Tun daga bakin unguwa take kasa kunne ko za ta ji kuka. Ba kuka. Ta shiga ta tarar Iya Larai a zaune tana shan kunu, tana faɗa wai ba a sa tsamiya sosai ba.

"Ya yi kyau a Ajingi?"

"Ya yi, Iya."

"To wanke shi ki mayar. Ni na fasa."

Tun daga ranar, duk shekara Inna Hure sai ta karɓi takobin nan ta "gyara tuntu", don duk shekara ƙyallen zanen wata mata ne. Malam Barau kuma ya samu sabon labari. Ƙarti nawa ya ba su su ja, suka kasa.

Bana idonta ya ƙi zare. Ta ajiye allura, kuma sai yanzu 'Yan Jirgi suka gane akwai kanti, suka sayi yadinsu. Iya Larai ce da bakinta ta ce a ba da wannan labari, ta ce shi ma ladan ya girma, zai iya ɗauka.

Mun gode, Inna Hure. Ke ce kika riƙe amanar da ba a iya faɗa wa kowa, kika sha fargabarta ke kaɗai, mu muna dariya. Allah ya saka miki, ya ba idon lafiya. Ku kuma 'yan mata masu keken ɗinki, ku je ku zauna a tabarmarta tun tana iya nuna muku da hannu. Yanka kowa ya iya. Ku koyo yadda ake mayar wa mutum abinsa yadda ya bayar.

An yi wa Inna Hure ɗan taro a ƙofar gida ranar Juma'ar da ta wuce. Malam Barau ne ya yi jawabi, ba a sa shi ba. Ya ce in ana maganar amana a tuna da shi, don duk tsawon shekarun nan takobinsa bai taɓa cin zanen kowa ba, saboda takobi ne mai hankali, ya san nasa ya san bare.

Iya Larai na zaune a kan turmi. Ta ce, "Barau, miƙo shi nan in sa masa albarka."

Ya miƙa da hannu biyu. Ta ɗaga tuntun, ta ciro rezar da take yanke farce daga bakin zane, ta ɗan taɓa tsirkiyar. Ta karkata kuben. Takobin ya sulalo ya faɗi a gaban Kyaftin, ƙwal.

Ta dubi jama'a dama da hagu.

"To," in ji ta, "wane ne abokin gaban a cikinmu?"