Ranar da Kifin Shak Ya Tunkari 'Yata

'Yata ta fari tana aji uku a jami'a ta ce za ta fara nutso a teku. Ilimin halittun ruwa take karantawa, amma duk da haka maganar ta dake ni. Ni ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba.

Tun daga ranar na kasa zama wuri guda. A ofishinmu na garin Greenbelt, a nan ƙasar waje da muke zaune, sai in buɗe zanen aiki, in tarar ina karanta labarin kifin shak, ƙaton kifin nan mai jerin haƙora. A cunkoson hanyar gida in yi ta sauya tashar rediyo, babu wadda nake ji.

Da ta ga abin ya yi yawa ta ce, “Baba, ka zo ka gani da idonka.”

Wata Asabar muka tafi garin Woodbridge, inda ake koya musu a tafkin ninƙaya. Malamarsu dattijuwa ce, tsohuwar sojar ruwa. Na zauna a benci ina kallon ɗalibai goye da tukwanen iska. Da aka fito hutu na ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

“Idan shak ya taso mata fa?”

'Yata ta rufe fuska. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce yawancinsu wucewa suke abinsu. Amma in ya gantsare baya, ya sauke fukafukan gefensa, yana zagaye yana matsowa, to ya fusata. Kada a juya masa baya, kada a yi ta fachal-fachal, don mai gudu kama da abinci yake yi masa. A miƙe tsaye cikin ruwan, a kafe shi da ido, a haɗa baya da abokin nutso. Duk wani abu mai tauri da ke hannu a sa shi tsakani. In ya iso, a danna saman kansa a kautar da shi. In ya kai cizo, a nemi idonsa da tsagar gefen wuyansa da yake numfashi da ita. Sannan a hau sama a hankali, domin gaggawar fitowa kan yi wa huhu illa.

Na rubuta duka a bayan ambulan.

Da aka yi hutun ƙarshen shekarar karatu suka tafi gaɓar Carolina ta Arewa, za su nutsa kan wani jirgin da ya daɗe da nitsewa. Ranar na yanke ciyawar da na riga na yanke shekaranjiya. Na wanke mota. Na shiga kicin na fita ya fi a ƙirga, har mahaifiyarta ta ce in je masallaci in ba ta wuri.

Ina fitowa daga La'asar wayar ta yi ƙara.

“Baba, lafiyata ƙalau. Ka ji? Ƙalau nake.”

Na jingina da mota. “Me ya faru?”

Wai wani ne ya soki kifi kusa da su, jini ya bazu, sai ga shak ya bayyana, ya fi ta tsawo. Ita da ƙawarta suka haɗa baya. Ya zagaya sau biyu, ya yo kanta. Ta tare shi da kyamara, ya bangaje ta ya wuce. Da ya dawo ta ɗora tafin hannu a kansa ta tura shi gefe. Suka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, suna kallonsa yana kewaye a ƙasansu har suka kama tsanin jirgin da ya kawo su.

“Na ji tsoro, Baba,” in ji ta. “Ƙafafuna gudu kawai suke so.”

Bakina cike yake da “dawo gida”. Abin da ya fito shi ne, “Gobe ma za ki shiga?”

“Eh, Baba.”

Na ce Allah Ya tsare, na kashe wayar, na zagaya filin ajiye motocin har sau uku kafin na iya tuƙi.

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta kira daga gida tana tambayar jikarta. Na ce tana can tana karatun kifi.

“To madalla,” in ji Hajiya. “Ta riƙa kawo muku na miya.”

Na ce to, zan faɗa mata.