Tukur Mai Famfo da Daɓen Shagon Ɗinki

Tukur ɗan Wamakko ne, a fadamar shinkafa ya tashi. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a noma, shi kuwa hankalinsa na kan injin ban-ruwa, in mesa ta tsage shi ake kira. Da ya girma sai ya shigo Sakkwato ya koyi gyaran famfo, ya yi aure, ya zauna Ƙofar Atiku. Shekara ashirin da biyu ke nan yana yawo da jakar sifana a bayan babur. Ba shi da yawan magana, sai fa in ya tarar an cusa leda a masai, nan kam za a ji bakinsa.

Wata Laraba cikin damina aka kira shi wani bene mai shaguna goma sha huɗu kusa da kasuwa. Wari ya hana kowa sakat. Ya zura waya cikin bututu, ba ta ci karo da komai ba. Ya sa aka zuba bokiti uku a ban-ɗakin sama, ya sauko ya buɗe murfin ramin da ƙazantar ginin ke taruwa a baya. Ko ɗigo bai iso ba.

Ruwan jama'ar benen nan kaf, in ba nan yake zuwa ba, ina yake zuwa?

Ya bi hanyar bututun, ya ga ta ƙarƙashin shagon ƙarshe ya bi, shagon Hajiya Rahama mai ɗinki. Ya yi sallama ya shiga. Hajiya da ma'aikatanta mata biyu na kan keke, wata tsohuwa na zaune a benci tana jiran rigarta. Ya lura an cusa kwali a ƙafar kowane keke.

"Hajiya, kwalin ga na mi ne?"

"Sati biyu ke nan kekunan na zamewa tsakiya, Malam Tukur. Ƙohwar ma da ƙyar take ruhuwa."

Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma. Ya amsa kamar ganga. Ya kara kunne a wata tsaga, iska mai sanyi da ɗoyi ta buge shi a fuska, can ƙasa kuma ya ji ruwa na zuba, da nisa, kamar a rijiya. Bututun ya fashe, ruwa ya cinye ƙasar. Su biyar suna kan ɓawon siminti ne kawai.

Ya so ya yi ihu, amma ya san in suka zabura tare, shi ke nan. Ya lallaɓa ya miƙe.

"Hajiya," ya ce a hankali, "ku hita ɗai-ɗai. Ku bi jikin bango. Kar wadda ta taka tsakiya."

"Lahiya?"

"Don Allah ku hita tukuna."

Ta dubi fuskarsa, ba ta sake tambaya ba. Ma'aikatanta biyu suka sulale. Ita kuwa ta miƙa hannu za ta kwashi atamfofin mutane.

"Bar su!" Ta janye hannu, ta bi bango ta fita.

Saura tsohuwar, ga ta a tsakiya, kunnenta ba ya ji sosai. "Inna, ba ni hannu," ya ce. Ya miƙa jiki daga gefen bango ya jawo ta, tana faɗa wai rigarta fa. Yana tura ta waje, tayil ya yi ƙara a ƙarƙashinsa, daɓen ya lotsa. Ya kwanta. Da ciki ya ja jiki har bakin ƙofa, yana salati, yana jin yashi na zubewa a ƙasa.

Daɓen bai faɗa ba. Aka taru, wasu na cewa ya cika tsoro, ya kori mata daga sana'arsu a banza. Ya gitta benci a ƙofar ya zauna a kai, ya rantse ba mai shiga.

Ana kiran la'asar daɓen ya rufta. Kekuna biyu suka tafi, har da teburin yanka. Da aka leƙa, ramin ya fi tsayin mutum biyu. Ashe tsohuwar shadda ce, wato ramin masai, aka gina shagon a kanta.

Kwana uku Tukur bai fita aiki ba, matarsa Sakinatu ta ce ko tuwo ba ya iya haɗiya. Ran na huɗu mai benen ya zo har gida ya roƙe shi. Ya koma, bisa sharaɗin cewa sabon bututun ta waje zai zagaya, ko da za a fasa dakalin gaba. Aka fasa, ya yi kwana tara yana aikin.