Sikelin da Ba Ya Gyarawa

Daga bakin shagonta, mai ɗinki tana hangen tsohon nan da ke gyaran tsofaffin sikelin gidan waya. Siriri ne, riga ta yi masa yawa, yatsunsa sun yi kore saboda gugar tagulla. Ga sikeli nan jere a teburinsa, irin waɗanda a da ake auna wasiƙa da su kafin a manna kan sarki. In zai gwada wanda ya gyara, sai ya riƙe numfashi, don ko hucin mutum yana iya karkatar da faranti.

Akwai guda a gefe da ba ya taɓawa. Babu komai a farantansa biyu, amma kullum na hagun a sunkuye yake, kamar an ɗora masa wani abu.

Wani mai saye ya nuna sikelin. "Baba, wannan ai a karkace yake. Gyara mini in ɗauka."

"Lafiyarsa ƙalau, ɗana. Zaɓi wani."

Mai ɗinki ta ga alamar sikelin nan yana tuna wa tsohon wani rashi da ya yi, amma ba ta san wa ya rasa ba. Matarsa ce? Ko 'ya ce ta yi tafiya, labarinta ya yanke? Ta dai kashe fankarta, ko iska ce ke danne farantin. Amma farantin bai ɗago ba.

Mai saye na wucewa, tsohon ya duƙa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana duban farantin.

"Yau ma nauyinki ya ragu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Kada ki yi saurin tafiya, uwata."