Riɗin da Na Hana Shi Sayarwa

Ni dillalin riɗi ne da hatsi a Dutse. Da dako na fara, ina ɗaukar buhun wani a kaina, daga nan na koma awo, har Allah ya ba ni sito nawa na kaina. Karatun boko kuwa da gemuna na koye shi, a ajin manya. Ban yi nisa ba, amma na fi yawancin mutanen layinmu, saboda haka duk wanda takarda ta ɗaure wa kai, wurina yake kawo ta.

Farkon shekara ne lokacin haraji a wurinmu. Masu karɓa sukan kafa tebur a rumfar ƙungiyar 'yan kasuwa, kowa ya biya na shagonsa ko rumfarsa, a ba shi rasit. Da aka fito da inshorar lafiya ta 'yan kasuwa, sai aka haɗa ta da wannan lokacin. In ka nuna rasit ɗin harajinka, ka biya wani kaso na kuɗin katin lafiya, gwamnati ta cika sauran. Shi ne tallafin. Katin shekara ɗaya yake yi. Wanda wa'adin sabuntawa ya wuce shi, sai ya biya tara. Ni nake cika wa mutane fom, in gaya musu inda za su dangwala yatsa, in raka masu tsoron ofis. Ban taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Girman da ake ba ni ya ishe ni, kuma ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Ina da ɗan goggo, ya girme ni da shekara takwas. Manomi ne a wani ƙauye gefen Kiyawa, yana da 'yar rumfa da yake sayar da gero ranar kasuwa, ta nan ya shiga ƙungiyarmu. Taubasai ne mu, tun muna yara ba mu iya gaisawa sai da tsiya. Ciwon suga ya kama shi shekaru kafin wannan labarin, kuma ni na matsa masa ya yi katin. Da shi yake karɓar magani duk wata, a auna masa jini. A kakar da ta gabaci lokacin da nake magana, tushen kara ya soke shi a tafin ƙafar dama wajen girbi. Ƙaramin ciwo ne, amma ya ƙi warkewa, shi ya sa duk mako yake shigowa asibiti a Dutse a wanke masa.

Wata safiya, ana saura kwana biyar wa'adi ya cika, sai ga shi a ƙofar sitona a bayan a-kori-kura, zaune a kan buhunan riɗi shida.

"Ɓarawon mudu! Fito ka auna, kuma idona na kanka."

Na ce, "Yaya, da sanyin safiya haka? Ko matarmu ce ta koro ka da kayanka?"

"Ita da take cewa in dai kai ne ƙanin miji, gara babu. Sauke ni, ƙafar nan ba ta son tsalle."

Na kama shi ya sauko. Ya ce in saye riɗin duka, ya biya haraji, ya sabunta kati, abin da ya rage ya kai gida.

Kwana biyu kafin nan, wani da muke hulɗa da shi a kasuwar Dawanau ya kira ni ya ce masu fitar da riɗi waje suna tafe, kaya zai yi tsada cikin wata guda. Ni kaina na rufe nawa, ban sayar da ko kwano ba. Sana'armu ke nan: ka san lokacin da za ka riƙe. Da na saye nasa a farashin ranar, ribar tawa ce. Na duba fuskarsa na ga ba zan iya cin wannan ribar ba.

Na ce, "Ba zan saya ba. Ajiye shi a nan mako uku."

"Katin fa?"

"Tara ce kawai. Na san ta, ba ta kai kuɗin kwano biyar ba. Abin da za ka samu in ka jira ya ninka ta sau nawa."

Ya kalli ƙafarsa. "To wannan fa? Ita ba ta san farashi ba."

"Ka je gobe, tun katin yana da rai, ka karɓi maganin wata guda, su ba ka auduga da abin wanki. Kafin ya ƙare mun sabunta."

Ya yi dariya. "Allah ya isa tsakanina da kawu, babanka, da bai sa ni ajin manya ba. Shiga da su."

Na sha tambayar kaina me ya hana ni biya masa a ranar daga aljihuna. Kuɗina duk suna cikin riɗi, wannan gaskiya ne, amma ba zan rasa na kati ɗaya ba. Shi ma ba mai karɓar kuɗin ƙani ba ne, wannan ma gaskiya ne. Babbar gaskiyar ita ce ban ga wata matsala ba. Na ga dabara, kuma dabarar ta burge ni.

Farashin bai tashi a mako uku ba, sai da ya kai biyar. Amma da ya tashi, ya tashi sosai. Na sayar masa, na damƙa masa kuɗinsa cif, ya ce yau ya yarda ɓarawo ma yana da rana. Muka biya haraji, muka wuce ofishin inshora tare.

Wata ma'aikaciya ce a teburin, mai haƙuri, na saba kawo mata mutane. Ta karɓi tarar, ta buga hatimi, ta miƙo rasit. Sannan ta ce, "Baba, katin zai fara aiki bayan wata biyu."

Na ce, "Wata biyu na me, 'yata? Mun biya tara."

"Duk wanda ya bari katinsa ya mutu, sai ya jira, Alhaji. Ga shi a rubuce." Ta juya fom ɗin. Ƙananan rubutu ne na Turanci a baya. Na cika irin wannan fom ɗin ban san adadi ba, ban taɓa juya shi ba. Ban kuma taɓa kawo wanda ya makara ba sai ranar.

Na shiga ciniki, don shi na iya. Na ce a ninka tarar. Na ce a rage zuwa wata ɗaya. Na ce mutumin nan shekara uku yana biya.

Ta ce, "Alhaji, ba a hannuna yake ba, na'ura ce ke buɗe katin. An yi haka ne don kada mutane su ƙi biya sai ciwo ya zo. Ku yi haƙuri."

Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta kuma wulaƙanta ni ba. Da ni na tsara abin, da haka zan tsara shi.

A waje na ce, "Yaya, laifina ne. Maganin wata biyun nan a kaina yake, da kuɗin wankin ƙafar."

Ya ce, "Kai tafi can. Ina da sauran magani, ba kullum nake sha ba. Ƙafar kuwa ta bushe, ka ga ina ɗingishi?"

Yana ɗingishi. Na gani. Ni da ba na sayen buhu sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke cikinsa, ban ce ya cire safa in duba ba. Na so maganar tasa ta zama gaskiya, ga kuma motoci biyu suna jiran lodi a sito. Na sa shi a babur, na koma kasuwa.

Na kira shi sau biyu ko uku a makonnin da suka biyo. Kowane lokaci da tsiyarsa. Ya ce ya haɗa ribar riɗin ya sayi sa, ya cika biyu, bana da garmarsa zai yi huɗa, ya daina jiran ta haya. Ya ce in zo in ga san, ya fi ni kyan gani. Na ce ina nan zuwa. Ban je ba.

Wata Laraba bayan azahar wayata ta yi ƙara da lambarsa, amma muryar matarsa ce. Matar da ba ta taɓa yi mini magana ba tare da zolaya ba, ranar ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Ka zo ka ɗauki yayanka."

Tun daga zaure warin ya tare ni. Yana kwance a kan tabarma, an lulluɓe ƙafar da zani. Da ta yaye, na ga yatsun sun yi baƙi, kumburi ya haura idon sawu. A gefensa ga ƙullin garin magani na gargajiya, ga 'yan ƙwayoyi a leda da yake aikawa a sayo a kemis, na kwana biyu ko uku, yana raba kowace biyu.

Ta ce, "Na ce ya je asibiti ya biya. Ya ce ba zai biya kuɗi a kan abin da ya riga ya biya ba, kwana nawa ya rage. Na ce a kira ka, ya rantse in na kira ka ba da yawunsa ba. Yau da ya daina gane mutane na ɗauki wayar."

Muka kai shi Dutse a motar maƙwabci. Likitan bai daɗe yana dubawa ba. Ya ja ni gefe ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma gobe, in ba haka ba ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Na tambaye shi da an kawo shi tun da wuri fa. Ya ce, "Da ana wanke ta yadda aka saba, yana shan maganinsa, da wataƙila ba mu zo nan ba." Katin saura kwana tara ya buɗe. Na biya komai, ban ma ji fitar kuɗin ba. A lokacin na gane ashe tun farko kuɗin katin ba su da yawa.

Kwana uku bayan aikin na same shi ya farka sosai, yana kallon inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Na zauna a bakin gadon.

"Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "In ce maka me? In ce shawararka ta ɓaci? Kai da kasuwa duka take kawo wa takarda. Na ce bari in daure, kwanakin su cika, babu wanda ya ji."

"Da ka zage ni ma."

"Ai kullum ina zagin ka, ba ka ji." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Yanzu takalmi ɗaya zan riƙa saya. Kai da ka iya lissafi, ka ga wata ribar."

Na tashi na fita baranda, don ba na so ya ga fuskata.

Da damina ta faɗi, shanun suna ɗaure a turke, babu mai bin su. 'Ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu, namijin ɗaya yana aikin gini a Abuja. Aka sayar da shanun. Gonar aka ba wani haya. Rumfar geron ta zauna a rufe har wani ya nemi a bar masa. Na saya masa sandunan dogarawa, na saya masa keken guragu, ina kai buhun masara da shinkafa. Matarsa tana karɓa, ta ce an gode, Allah ya saka. Alhaji take ce mini yanzu, kamar baƙo.

Har yau ana kawo mini fom. Ina juya shi in karanta musu bayan, a hankali, har su gaji. Bara wani manomi ya saurare ni har ƙarshe, na ba shi labarin ɗan goggona ban rage komai ba. Ya jinjina kai ya ce Allah ya kyauta, sannan ya ce, "Amma Alhaji, ni lafiyata lau, kuma an ce riɗi zai tashi." Ya mayar da buhunan riɗin da ya kawo gida, bai sabunta katin ba. Ban ga laifinsa ba. Mutum yana da abu ɗaya da zai sayar a shekara, an ce ya sayar da shi a lokacin da ya fi araha. Da wane baki zan hana shi?

Da lokacin haraji ya zagayo bayan yanke ƙafar, ranar farko na je ofishin da kuɗin katin Yaya a hannuna. Ma'aikaciyar ta duba takardar asibitin da na haɗa, sannan ta turo mini kuɗin.

"Alhaji, yanzu ba sai ya biya ba. Masu buƙata ta musamman gwamnati ce ke biya musu duka. Ba a neman rasit ɗin haraji, babu tara, babu jira. Ya dangwala a nan kawai."

Na ɗauki fom ɗin na tafi ƙauyen. Na same shi a ƙofar gida a kan kekensa, a inuwar darbejiya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini. Ya saurara, idonsa a kan hanyar da mutane ke bi da amalanken taki zuwa gona.

"Kyauta ke nan?"

"Kyauta, Yaya."

"Har abada?"

"Muddin kana raye."

Na jira ya ce wani abu, ko da ɓarawon mudu ne. Bai ce ba. Ya miƙo babban yatsansa, na kama na danna a tawada, na danna a takarda. Ya goge yatsan a jikin rigarsa, ya ce in tura shi ciki, rana ta fara zafi.