Gam Mai Jinkiri na Goggo Dija

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Goggo Dija a Kumbiya-Kumbiya ya san ba ta zubar da fasasshen tangaran. Kowanne yana ƙulle a tsummansa, yana jiran a samo gam ɗin da ya dace da shi. Gam kuwa sai ta sunsuna tukuna. "Wannan warin ƙarya yake yi," in ji ta, ta miƙo maka abinka.

Ni ce na fasa tantabararta. Na zo hutu daga jami'a, ina goge mata kabad ɗin gilashi, sai tantabarar tangaran da marigayi mijinta ya kawo mata tsaraba ta suɓuce mini, kan ya cire. Na ajiye kan a gefenta, na koma ga littafina. Da Goggo ta gani ta ce, "Kyanwa ce." Na bar wa kyanwa laifin. Kullum sai in shirya maganar a zuciya, in na ga Goggo sai maganar ta maƙale. Kyanwar nan, baiwar Allah, ta daina ganin kan kifi saboda ni.

Aka shiga neman gam. Ta fara da ƙaro, amma a kan wani tsohon kofi ta gwada. Washegari tururuwa sun yi masa layi har bakin ƙofa.

"Kai! Na ce a liƙe, ban ce a yi walima ba!"

Sai ɗanta, Yaya Bello, ya kawo sufa gulu. Don ya nuna mata ƙarfinsa ya liƙa hannun butar shayi a juye, yatsunsa biyu suka bi bayan hannun.

"Madalla," in ji Goggo, "ya kama wanda ya kamata."

Daga nan ta ja ni babbar kasuwa, shagon Oga Chinedu mai kayan gini.

"Mama, wannan har ƙarfe yana kamawa."

"To fasa kofinka mu gani."

"Haba Mama! Kofin shayina?"

Ta zauna a bencinsa ta gyara mayafi, ta ce ba ta sauri. Da ya ga ba tashi za ta yi ba, ya ɗauko gam mai haɗi biyu, wanda ake cuɗawa kafin a shafa. Ya ce akwai mai minti biyar, akwai kuma mai jinkiri, wanda sai an riƙe shi kusan awa guda.

"Ba ni mai jinkirin."

"Mama, wa ke da wannan lokacin?"

"Ina da mai shi a gida."

Muna komawa ta kashe rediyo, ta miƙo mini tsinken ashana. "Ke za ki yi, 'yar boko. Hannunki ba ya rawa, bakinki ne kawai ya mutu."

Na ɗiga daidai wa daida, na cuɗa, na shafa siriri, na ɗora kan a wuyan. Ta zauna a gabana ta zuba mini ido. Minti goma. Ashirin. Ba halin saki, ba halin gudu, ba littafin da zan ɓuya a ciki.

"Goggo, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na fasa ta."

"Kada ki motsa hannu!" Ta leƙa wuyan tantabarar, ta ga bai goce ba. "Na sani tun ranar, Kulu. Da na sayi mai minti biyar, ai da ya bushe kafin ki buɗe baki."

Hawaye suka zubo, hannuna biyu a ɗaure. Ita ta share mini da bakin mayafinta, tana faɗan kada in jiƙa mata gam.

Allah ya jiƙan Goggo Dija. Yadda ta yi haƙuri da ni har na faɗi laifina, Ubangiji ya yafe mata nata, ya sa ta huta. Amin.