Gwaibar Uwar Bokiti

Duk wanda ya shiga dogon benen nan na bakin titi, kafin ya ga fuskar kowa sai ya ji ƙarar bokiti a matattakala. Mai sharar ginin ce, kuma sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Uwar Bokiti yake ce mata. Gajeruwa ce mai saurin tafiya da saurin baki, ba ta taɓa hawa ko sauka hannu rabbana ba.

Ɗakinta yana can ƙololuwa, a kan rufin ginin, shi ma da rufin kankare. Wanda ya zana ginin, Allah ya yafe masa, bai bar wa ƙasa ko tafin hannu ba: siminti sama, siminti ƙasa, gilashi a gaba. Da rana ɗakin tanderu ne sosai. A ciki mijinta yake kwance, tsohon direban motar haya da shanyewar ɓarin jiki ta kayar. Tun ranar da aka hau da shi ya ƙi sauka, wai ba za a ɗauke shi kamar buhu a gaban mutanen da ya saba ɗauka a mota ba. Ganinsa yana jiƙewa da gumi shi ne abin da ya fi ci mata rai.

Wata rana tana goge bango ta tsaya kallon iyakwandishan ɗin ofisoshin ƙasa, suna hura wa titi zafi, suna ɗigar da ruwa a banza har gansakuka ta fito. Nan take ta bi ta tara wa kowanne tsohon bokitin fenti. Ta roƙi ƙasa wurin magina, ta yi ta jida zuwa rufi, tana shuka a bokitai, tana ban-ruwa da ruwan da ta tara. Tumatir ya fara fitowa, sai kabewa ta bi igiya ta lulluɓe saman ɗakinsu, sai gwaiba a rabin duro. Murna kamar ta kashe ta. Ɗaki ya yi sanyi, tsuntsaye suka gano hanya, Direba ya fara jan kujerarsa zuwa gindin gwaiba, ya naɗa kansa mai gadinta. Ko ganye ɗaya ya faɗi sai ya yi bincike.

Kuskurenta ɗaya, kuma da wayo ta yi shi. Ta ɗora duron gwaibar daidai bakin bututun da ke sauke ruwan sama, don rarar ban-ruwa ta wuce kai tsaye. Saiwa ta bi danshi ta toshe bututun tam. Da aka tafka ruwan farko rufi ya zama tafki, ya tsiyaya cikin shagon Tela da ke hawan ƙarƙashinsu, ya jiƙa ɗinkin mutane. Ihun Tela har titi.

Washegari mai ginin ya hau yana haki, yana cewa a kwashe komai, 'yarsa injiniya tana biye da shi. Uwar Bokiti ta san in aka share rufin, mijinta ya koma tanderu. Ita kuwa Injiniya sai ta tsuguna. Ta dafa kankaren da ke fili ta janye hannu da sauri, ta dafa na ƙarƙashin kabewa ta bar hannun a wurin, sai ta fashe da dariya.

“Mama, bokitanki sun zauna,” in ji ta. “Za mu ɗora su kan bulo, mu jera su inda ginshiƙai ke ɗaukar nauyi. Amma gwaiba ta fi ƙarfin rufin nan, ƙasa take so.”

Sai ta juya kan ubanta, ta ce a fasa simintin wurin ajiye motoci a dasa ta. Ya yi ƙorafi, ya yi tsaki, ta tuna masa yadda ruwa ke kwanciya a ƙofar gininsa duk damina don ba shi da inda zai nutse. Da ƙyar ya gyaɗa kai.

Safiyar saukarwa ginin ya kacame. An fasa siminti, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, 'yan ofis suka leƙo ta taga. Tela da kansa ya naɗe hannun riga yana ba da umarni, ƙarti suka sauko da duro hawa-hawa, ganye na sharar bango. Uwar Bokiti tana ta kai da kawo, baki har kunne, sai da ta waiwaya ta ga kujerar mijinta a tsakiyar rana, babu inuwa. Ta matsa kusa da shi.

“Malam, in mayar da kai ɗaki?”

Ya daɗe yana kallon zagayen danshin da duron ya bari.

“Wa zai kula da ita a can, masu ajiye mota?” ya ce. “Kira min Tela da mutanensa. Yadda suka sauke ta, su sauke ni.”

Ta saki abin da ke hannunta ta kwasa da gudu, tana dariya tana share hawaye. Sai ganinta kawai suka yi a tsakiyarsu, don babu wanda ya ji saukowarta. Ta baro bokitin a sama.